Sunan da ke Kan Dila

Ramlat ta san dilolinta ko da ido a rufe. Ita ta zaɓo abayoyin ɗaya bayan ɗaya a shagunan Deira da ke Dubai, ita ta ninke su a ɗakin da suke haya da wasu mata a Muraqqabat, ita ta rubuta "Hajiya Bilqis, Kwari" da baƙar tawada a jikin kowace dila. Shi ya sa da ta shiga siton kargo na Warsan da hantsi, ta tarar an sa wa dilolin sabon buhu an rubuta "Idris K.", sai ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

A harkar kargo ta mutanen Kano, sunan da ke kan dila shi ne mai kaya. In kwantena ta isa gida ba a neman takarda, suna ake kira. Hajiya Bilqis kuwa ita ce ta fara yarda da Ramlat, ta jawo mata sauran 'yan kasuwa mata da ke aiko ta sayayya. In kayan sallar Hajiya suka faɗa hannun wani, sunan Ramlat ya mutu a Kwari, sana'arta ta bi shi.

"Oga Eli, wa ya taɓa mini kaya?"

Eli, mutumin Jos da ke kula da siton, ya share gumi da bayan hannu. "Ƙanwata, haka yayanki ya sauke su jiya. Kin san ƙa'ida, wanda ya kawo kaya shi ke da baki a kansu. Ko ya gyara sunan da hannunsa, ko ki faɗa gaban jama'a cewa ha'inci ya yi. Kuma shwaiya, ɗan kaɗan, ya rage mu rufe kwantena."

Ta san inda za ta same shi. Yaya Mubashir, direban motar kamfanin kargon, yana tsugune a inuwar motarsa, waya a tafin hannu, dawaki na zagayawa a cikinta.

Dokin da bai taɓa shafawa ba shi ya cinye shi. Da asuba tseren Ostareliya, da hantsi Hong Kong, da yamma Ingila. Ga filin sukuwa a garin nan, amma da yake ba a caca a can, bai taɓa leƙawa ba. Wani Idris ne a Kano yake karɓar masa cacar ta waya. Ramlat ta yi shiru ranar da 'yan kunnenta na zinari suka ɓata. Ta yi shiru ranar da ta nemi kwamfutar da ta yi karatun digiri da ita ta rasa. Duk sanda ta kira gida, maganar Inna ɗaya ce: babba ne, ki rufa masa asiri, shi ya kai ki.

"Yaya, kayan Hajiya ka ba Idris?"

Bai ɗago ba. "Jingina ce kawai, sarkin tsiwa. Yanzu za a saki dawakai. In lamba bakwai ya shigo, da hannuna zan goge sunan, har in saya miki shawarma."

"In bai shigo ba fa?"

"Zai shigo. Na san uwarsa, na san ubansa, na san mahayinsa."

"Ka san dangin doki, ka manta naka."

Sai ya ɗago, idonsa jawur. "Da wa kike magana? Wa ya yi miki biza? Da digirin naki kina zaune a tsakar gida kina tsince shinkafa, wa ya ɗauko ki?"

"Kai ne. Na gode, na kuma biya da 'yan kunnena. Tashi ka gyara sunan."

"Ki jira a gama tsere."

Daga cikin sito ta ji ƙugin motar loda kaya, Eli yana cewa yalla, yalla, a yi sauri. An ɗaga dila ta farko.

"Ramlat, kin san in kika buɗe baki kamfani zai kore ni, bizata a hannunsu take. Gida za ki mayar da ni hannu rabbana? Me za ki ce wa Inna?"

Wannan tambayar ce ta daɗe tana ɗaure mata harshe. Ta tsaya tana kallon wuyansa da ya rame. Yayanta ne, shi ya riƙa goya ta zuwa islamiyya in an yi ruwa. Amma ko yanzu da yake roƙonta, rabin idonsa na kan lamba bakwai.

Ta juya ta koma sito. 'Yan kasuwa na zaune kan kwalaye suna jiran a loda nasu, masu shan shayi na sha.

"Oga Eli, a sauke dilar nan. Ba ni reza."

Ta tsarge sabon buhun daga sama har ƙasa. Tsohon rubutunta ya fito, baƙi ƙirin.

"Alhazai, ku shaida. Kayan Hajiya Bilqis ne, ni na saya, ni na ɗaure. Yayana Mubashir, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sauya sunan, ya jinginar da su a cacar doki."

Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Haba 'yar nan, ai da kin ja shi gefe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Baba, gefen nan na ja shi har ƙafata ta gaji. Da dilarka ce, gefe za ka so a je?"

Dattijon ya waiga ya dubi inda nasa kayan suke.

Eli ya miƙa mata alƙalamin tawada. Ta bi dilolin tana tsarge buhu, tana sake bin sunan Hajiya da manyan baƙaƙe. Gumi ya jiƙa mata mayafi. Aka miƙo mata kujera ta ƙi zama. Tana nan tsaye a bakin kwantena, rana na dukan ƙeyarta, har aka tura dila ta ƙarshe, aka ja ƙofa, aka danna hatimi.

Sai ga Mubashir ya shigo yana jan ƙafa, wayar na lilo a hannunsa. Ba wanda ya matsa masa wuri.

"Na biyu ya zo," ya ce da ita a hankali. "Da hanci kawai aka wuce shi, wallahi."

Ramlat ta mayar wa Eli rezarsa, ta gyara mayafi.

"Yaya, kira Inna ka gaya mata da bakinka. In ka kai la'asar ba ka kira ba, ni zan kira, kuma daga 'yan kunne zan fara."