Ɗan Da Hafsatu Ba Ta Ƙirga Ba

Da Daktora Halimatu ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, Hafsatu ta ce biyar. Shida ne. Amma wace Bahaushiya ce za ta buɗe baki a gaban mutane ta ƙirga ɗan fari? Shekara talatin ba ta taɓa kiran sunan Badaru ba, "wancan" take cewa. Tun da aka yaye shi ta miƙa shi riƙo ga Uwa, abokiyar tafiyarta da suka ratso Chadi da Sudan tare a ƙafa, wadda Allah bai ba haihuwa ba.

Ita daktorar Bahaushiyar Sudan ce, Hausarta rabi Larabci, kunyar ɗan fari kuwa ko labarinta ba ta taɓa ji ba. Ta yi karatu a Amurka, inda ta ce likitoci sun duƙufa kan wasu manoma, Amish, masu auren junansu kawai. A zana asalin kowa a takarda, a ɗebi jini, a gane ta inda ciwo ke bin gida. Shi ta zo yi wa Hausawan gonakin dabinon Awali a Madina, waɗanda su ma ba sa kai 'ya'yansu nesa, sikila kuma na ta ɗauke musu yara. Uku Hafsatu ta binne a maƙabartar Baƙi'a.

Sakamako ya fito: Hafsatu da mijinta Haladu duk suna ɗauke da irin ciwon. Uwa jininta fes. A takarda kuma Badaru ɗan Uwa ne, domin haka Uwa ta faɗa wa daktora, duk unguwa kuma aka yi gum. Shi kansa ranar ɗibar jini yana filin jirgi yana sauke jakunkunan alhazai. Matarsa Innayatu na ɗauke da irin, amma daktora ta ce mata, "La takhafi, kada ki ji tsoro, gidan mijinki lafiya lau ne."

Wannan "lafiya lau" ita ta hana Hafsatu sakat. Ran Lahadi ta je gidan Badaru a unguwar Sih barka da Sallah, ta tarar da jikanta, ɗan wata takwas, yana tsala ihu, yatsunsa sun kumbura suntum.

"Haƙori ne, ya Hajja," in ji Innayatu. "Daktora ta ce ba mu da mushkila."

Haƙori a yatsa! Hafsatu ta san hannun nan, sau uku ta riƙe irinsa. Ta dawo gida ba ta ko kurɓi shayin da aka kawo mata ba.

Ta samu Haladu a kan dabino, ta roƙe shi daga ƙasa ya je ya gyara maganar. Ya ce shi ba ya shiga ɗakin mata, balle ya tozarta Uwa da tsufanta. Namiji ke nan, in magana ta yi nauyi sai ya ƙara hawa sama. Ta yi tunanin aika wata, amma daktora ta riga ta ce daga bakin mahaifiya kawai take rubutawa. Laraba kuma za ta tattara kwalabenta ta koma Jidda.

Ran Laraba da hantsi mata suka cika tsakar gidan da daktora ke zama, takardar nan shimfiɗe a tabarma kamar zanin gado. Uwa na gefe da carbinta. Badaru ya kawo Innayatu a mota, yana tsaye a bakin ƙofa da yaron a kafaɗa. Hafsatu ta durƙusa.

"Daktora, akwai gyara. Shida ne."

"Sitta? Wane ne na shidan?"

"Wancan." Ta nuna ƙofa da haɓa.

"Ya Hajja, maza huɗu ne a ƙofar. Ismu? Suna nake so."

Hafsatu ta dubi Uwa. Carbin ya tsaya a hannun tsohuwar, idonta na ƙasa, ba ta taimake ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Kunya ta rufe Hafsatu, tsoro ya fi ta ƙarfi. Sai yaron ya sake tsala ihun nan da ta sani.

"Badaru," ta ce. Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta nufa.

"Na'am?" Ya amsa tun kafin ya gane mai kiran. Da ya gane, sai ya rasa inda zai sa idonsa.

Daktora ba ta san abin da ya faru a gabanta ba. Ta goge layin da ya haɗa Badaru da Uwa, ta ja sabo zuwa ga Hafsatu, ta ajiye shi a jere da ukun da ta soke da jan biro. Nan fuskarta ta canza. Ta bi layin da yatsa har ƙasa, ta ɗago.

"Ku kawo min yaron. Yanzu."

Uwa ce ta tashi ta karɓo shi daga kafaɗar Badaru. Ta wuce daktora, ta aza shi a cinyar Hafsatu.

"Riƙe hannun," ta ce. "Ke kika san shi."