Motar da Za Ta Ɗauko Inna

"Ni dai na gaya maka, Baba, wanga aiki ba na ƙofar gida ba ne," in ji Lawali bakanike. "Giyabos ɗin gaba ɗaya za a sauke. Ka bari Asabar, in babbar motar da ke bisa ramina ta tashi, mu turo taka."

"Asabar? Suna ranar Alhamis, kai kana ce mani Asabar?"

Hasana tana jin su ta kan katanga. Tana zaune bakin ɗakinta a Sabon Garin Gusau, jiki sai tururi, yanzun nan aka gama mata wankan jego, ga jaririya 'yar kwana huɗu a cinya. Yarinya kam tubarkalla! Gashi har goshi, kumatu kamar a taɓa su fashe. Duk wadda ta shigo barka sai Hasana ta yaye zane: dubi yatsu, dubi kunne, wallahi jiya har dariya ta yi. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, Innarta ba ta ga ɗiyar ba. Haihuwar ta zo ba shiri, kafin a kai Hasana gida Kwatarkwashi. Inna kuma ƙafafu sun riƙe, ko bakin titi ba ta iya fitowa, ga shi shekarar ana wahalar mai, motar haya sai dai labari.

Shi ne Baba Jibo, makwabcinsu, ya ce ya ɗauke mata, shi zai ɗauko Inna. Mutumin Kwatarkwashi ne shi ma, tare suka yi ƙuruciya da marigayi babanta. Da tsohuwar akori-kurarsa yake jigilar hatsi daga Tsafe. Sai ga shi ana saura kwana uku suna, ya taka kuloci ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, kamar ya taka kunu.

"Ba kai ka sa mani wannan jarabar ba?" in ji Baba Jibo.

"A'a, Baba, ka ji tsoron Allah. Biyu na aje gabanka. Na ce ga giyabos mai kulocin ƙasa a waje, irin naka na da, ga kuma na Beljiyam mai shi a ciki. Kai ka ce na ciki, wai dutse da laka ba su kai gare shi. Na ce to, amma ban da ruwan sabulu."

"Shekara talatin, in man birki ya ƙare, ruwan sabulu nike zubawa. Tun ba a haife ka ba."

"A na waje ke nan! In roba ta ci, ka kwance noti biyu bakin hanya ka canza, ka wuce. Wanga kuwa in ya yi yoyo sai an fiɗe cikin motar. Ga sabon kulocin nan na kawo, amma don Allah ka jira ni."

"Tahi abinka. Yaran yanzu ba ku iya komi sai da rami."

Hasana har da murmushinta. Ta san halin Baba Jibo, in ya ce zai yi, to ya gama.

Talata da hantsi sai ga matarsa, Gwaggo Adama, ta leƙo. "Mai jego, ara mana turminku. Ya ɗaga mota da jak, wai yana son abin da zai tare giyabos in ya kwance. Namu ya yi gajere."

"Ɗauki, Gwaggo! Ki ce mashi in ya ɓata mani shi da baƙin mai, shi zai yi mani dakan suna."

Turmin yana da tsaga a gindi. Hasana ta sani sarai, kullum sai ta juya wajen tsagar jikin bango kafin ta yi daka. Amma a lokacin jaririya ta kama nono, hankalinta yana can, ba ta ce komai ba.

Ana kiran azahar ta ji ƙarar. Ba wata babbar ƙara ba ce, kamar an faskara ice, sai wani dum a bayanta. Sai shiru. Sai salatin Gwaggo Adama.

Maza huɗu suka ɗaga giyabos ɗin daga ƙirjin Baba Jibo, har da Lukuman mijin Hasana. Da suka jawo shi ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, "Ku tsince notocin nan, kada awaki su watsa su." Mai ɗori ya zo ya shafa, ya ce haƙarƙari uku sun karye, ya ɗaure da tsumma. Amma da yamma da ya yi tari sai ga jini a kwano.

Lukuman ya shigo gida rai a ɓace. "Alhaji Manu na bayan layi ya ba da motarshi a kai shi asibiti, amma ko ɗigon mai babu cikinta. Jarka guda ce duk unguwar nan, tana ƙarƙashin gadon Baba. Ya ce wanda duk ya taɓa ta bai yafe ba."

"Don mi?"

"Wai man ɗauko Inna ne."

Laraba da safe Hasana ta yafa zane, ta rungumi ɗiyarta, ta fita. Tsohuwar da ke mata wanka tana ta faɗa, mai jego ba ta taka waje, ko waiwaye ba ta yi ba. A ƙofar gida ga motar nan, gabanta a ɗage, ƙudaje na bin inda mai ya zuba.

Ta iske Baba Jibo a jingine da bango, don ba ya iya kwanciya. Leɓɓansa sun yi fari. Numfashinsa kuwa kamar ana jan buhu bisa siminti.

"Ah, an kawo mani amaryata," in ji shi. "Miƙo ta nan. Kai, wagga ta fi uwarta kyau. Adama, ki shirya, kin samu abokiyar zama."

"Baba, don girman Allah a zuba man nan a kai ka asibiti. Inna ta zo ko bayan arba'in ne. Ni na yafe."

"Ke kin yafe, ni ban yafe ba. Na aika mata da cewa Alhamis da sassafe ta yi wanka ta jira ni."

"Baba, turmin nan..." in ji Hasana. "Na san da tsagar. Ban faɗi ba."

Ya dube ta, ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya ce, "Ke ɗiyar nan, ni makaho ne? Na gan ta. Na ce minti goma dai za ta riƙe." Ya sa ɗan yatsa cikin tafin jaririyar, ta damƙe. "Kin gani, ta fi turminki ƙarfi. Tashi ki koma, kada sanyi shi kama ki."

Da azahar ya daina gane mutane. Gwaggo Adama da kanta ta durƙusa ta jawo jarkar, ta ce in ya tashi ya tsine mata. Lukuman ya ruga da ita gidan Alhaji Manu. Kafin a zuba, a tura motar ta tashi, a zagayo layi, Baba Jibo ya cika. Lawali ya zo wajen jana'iza da kayan aikinsa a jiki, yana tsaye jikin akori-kurar yana cewa, "Da na kwana nan. Wallahi da na tsaya." Kafin magariba an kai shi.

Tunda mai yana cikin mota, sai Lukuman ya wuce Kwatarkwashi kai wa dangin Baba Jibo labari, ya kwana can.

Alhamis da safe aka raɗa suna a zaure, mutum bai fi goma ba, aka yanka rago a bayan gida. Ba kiɗa, ba maroƙa. Wajen hantsi motar Alhaji Manu ta tsaya. 'Yan'uwan Baba Jibo suka firfito, su shida, suka shige gidan makoki. A kujerar baya aka bar wata 'yar tsohuwa da sabon atamfa, ƙullin daddawa da kuka a cinyarta. Lukuman ya ɗauko ta cak, ya shigo da ita, ya aje bisa tabarma.

"Inna," in ji Hasana.

Inna ta karɓi jikarta, ta yaye zane, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗaga kai, ta kama hanci da yatsu biyu za ta rangaɗa guɗa. Ta bayan katanga aka ji wata mata ta shiga da sallama, Gwaggo Adama tana amsa gaisuwa da dusasshiyar murya. Inna ta tsaya haka, baki a buɗe. A hankali ta sauke hannun, ta gyara wa yarinyar hula.