Layin Marigayi

Batulu ba ta jira mai babur ya gama tsayawa ba ta diro, da tsohon ciki a gabanta, ta kutsa cikin shagon gyaran kwamfuta da ke bakin kasuwar Kazaure. Tun daga Gwiwa addu'arta guda ce: Allah ya sa ba a taɓa ba.

An taɓa. Kwamfutar mijinta, marigayi Rilwanu, tana buɗe a kan tebur, fuskarta fes kamar yau aka sayo ta. Hoton gonar geron da ya saka babu shi.

Falalu, yayan marigayin, ya miƙe daga benci. "Subhanallahi! Batulu, mai takaba a kasuwa?"

"Yaya, me aka yi mata?"

Falalu ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai son a ce ya iya tsari, wanda ko tabarmar wani ya gani a karkace sai ya gyara. Asabar za a raba gado, shi kuwa ya ga bai dace a fito da kwamfuta gaban malamai da tsohuwar manhaja ba. Da sassafe ya ɗauke ta bai shawarci kowa ba.

"Sabuwar manhaja na sa Sabiru ya ɗora mata. Dubi yadda take gudu."

"Kayan ciki fa?"

Sabiru mai gyara ya sosa ƙeya. "Hajiya, a kulle take, ba wanda ya san kalmar sirri. Na tambayi Alhaji ko akwai abin buƙata, ya ce takardun ofis ne kawai. Sai na goge komai."

Ta zauna a kan wani kwali. Ba takardu ba ne. Tun da cikin ya fara motsi, Rilwanu ya tsiri wani shirme mai daɗi: in ya dawo daga aikinsa na malamin gona, sai ya kafa waya ya yi wa abin da ke cikin hira, yana ɗaukar bidiyo. Yau ya koya masa bambancin gero da maiwa, gobe ya kai masa ƙarar uwarsa kan ta cika yaji a miya. In wayar ta cika ya juye a kwamfuta ya share. Sai hatsarin hanyar Roni ya zo ya tafi da shi. Abin da ya rage wa ɗan da bai ga ubansa ba ke nan, kuma yau garin neman gira an rasa ido.

Da ta faɗa musu, Falalu ya cire hula ya riƙe.

"Da a kan tsohuwar manhajar na ɗora, da sai in mayar da ita yadda take," in ji Sabiru. "Yanzu babu wannan hanyar. Marigayin yana da filashin da yake ajiya a ciki?"

"Babu."

Ya sa wata manhajar tono abin da aka goge. Suka zuba wa allon ido. Yaron da ke cikin Batulu sai juyi yake. Abin da ya fito guntaye ne: rabin hoto, da bidiyon da aka buɗe ya nuna baƙi wuluk, ba murya. Tsoro ya rufe ta, don a daidai lokacin ta nemi tuna yadda Rilwanu yake dariya, ta ji muryar ta fara yi mata nisa.

"Saura hanya guda," in ji Sabiru. "Wasu kwamfutarsu kan tura kaya ma'ajiyar intanet da kanta. In kin san imel ɗinsa, za a turo lamba ta layinsa. Ina layin?"

Falalu ya yi ajiyar zuciya. "Wayar tana hannun Inna. Na yi na yi ta bayar a haɗa a kayan gado, ta ƙi. Kullum sai ta aika da ita caji. Ko jiya sai da muka yi da ita."

Inna Shatu, uwar marigayin, mace ce mai kara. Falalu ɗan mijinta ne da ta yi rainonsa, Rilwanu ne ɗanta na fari, shi ya sa ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Ranar rasuwar ma ba wanda ya ga hawayenta.

Batulu ta faɗi imel ɗin, Sabiru ya tura. Sannan ta ciro wayarta, ta danna sunan mijinta da ba ta sake dannawa ba tun ranar hatsarin. Wayar ta shiga. Tana ringin, tana ringin, har Batulu ta fara jin kamar shi zai ɗauka.

"Wa ke nan?"

"Inna, ni ce. Don Allah wani saƙo ya shigo yanzu, lambobi ne a ciki."

Inna ba ta yi boko ba, amma lambobi ba su gagare ta ba. Ta karanto su ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sabiru ya shigar. Allon ya yi ta juyawa, sabis ya ɗauke, ya dawo. Falalu yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Sai ga bidiyoyin a jere. Ba duka ba, na farko-farko ne kawai suka samu hawa. Sabiru ya danna guda.

"Assalamu alaikum, mutumin ciki! Babanka ne. Yau ma uwarka ta nemi kashe ni da barkono."

Batulu ta toshe baki da mayafi. Ta manta ba ta katse kiran ba, sai da ta ji numfashi a kunnenta.

"Inna, ki yi haƙuri, bari in kashe."

"Kar ki kashe," in ji tsohuwar. Sannan a hankali ta ce, "Matsar da wayar kusa. Rilwanu ne ke magana."