Uku Cikin Goma

Shekara uku ke nan Aikande Lyimo take jan ajinsu a sashen harkar yawon buɗe ido na wata jami'a da ke Moshi. In an liƙa sakamako ba ta ma neman sunanta, na wanda ke biye da ita take dubawa, ta ga tazarar da ta ba shi. Rumisha kuwa bai taɓa shiga lissafinta ba. Shekararsa talatin da takwas, sha huɗu daga ciki ya yi su ne yana dakon kayan baƙi a kan dutsen Kilimanjaro kafin ya dawo karatu. 'Yan aji suna ce masa Dattijo. Da kyar yake tsallake jarrabawa.

A zangon ƙarshe Malama Kweka ta ce ba a cikin aji za ta gwada su ba. Ta raba su shida-shida, ta samo baƙi na gaske, kowane ɗalibi zai jagorance su na minti ashirin a hanyar Materuni, daga gonakin gahawa har inda ruwa ke zubowa daga dutse. Ita za ta ba da mafi yawan makin, baƙi su ba da nasu, sannan kowane ɗalibi ya ba abokan tafiyarsa maki cikin goma.

Aikande ta yi sati biyu tana shiri. Ta rubuta komai a ƙananan katuna, tarihin gahawa, sunayen itatuwa, ire-iren ayaba. Ranar da aka fita, ita ce ta uku a jerin masu jagora. Ta wuce gaba tana zuba bayani da Turanci mai tsabta, ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba. Baƙin suna gyaɗa kai, suna ɗaukar hoto. Ta gama daidai kan minti ashirin, suka tafa mata kaɗan-kaɗan.

Sai Rumisha ya karɓa. Bai ma gabatar da kansa ba. Ya sare sanda ya miƙa wa wata tsohuwa Bajamushiya da ke can baya, ya ce kowa ya tsaya, akwai wata mai unguwa da ya kamata a gaisar. Hawainiya ce a kan reshe. Ya zaunar da su a kan duwatsu yana kwaikwayon tafiyarta, yana cewa haka shi ma yake yi ranar jarrabawa. Suka fashe da dariya. Turancinsa a karye, amma ba wanda ya damu. Kafin a isa ruwan duk sun san sunan 'yarsa, wani ma yana rera waƙar 'yan dako tare da shi. Da za a rabu tsohuwar ta kama hannunsa da hannu biyu, ta daɗe ba ta sake ba.

Aikande tana tsaye gefe, katunanta sun jiƙe da feshin ruwa. Sati biyu ta yi, shi kuwa da hawainiya ya zo. A motar komawa ta ɗora takardar maki a cinya, ta ba sauran bakwai-bakwai. Da ta zo kan sunansa ta rubuta uku, ta danne biron har ya kusa huda takardar.

Bayan kwana biyar Malama Kweka ta aika a kira ta. Tana shiga ofis ta tarar da Rumisha zaune, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Zauna," in ji Malama. "Kun san ƙa'ida. Makin da ya yi nisa da na sauran, sai mai shi ya kare shi a gaban wanda ya ba. Kowa ya ba Rumisha tara ko goma. Ke kin ba shi uku. Muna jin ki."

Aikande ta gyara zama. "Malama, ya wuce lokacinsa da minti tara. Bai yi gargaɗin santsin hanya ba. Kuma shekarar da ya ce an fara noman gahawa a nan ba ita ba ce."

"Duk gaskiya ne, ni ma na rage masa a kansu. Amma sun kai a cire bakwai?"

Aikande ta kau da kai.

"To, kai kuma," Malama ta juya. "Kowa ya ba Aikande takwas. Kai ka ba ta huɗu."

Aikande ta ɗago da sauri. "Ni? Huɗu?"

Rumisha ya sosa ƙeya. "Ƙanwata, tsohuwar nan tun a lokacinki take haki. Minti ashirin kina gaba, ko waiwaye ba ki yi ba. Da a kan dutse ne, da mun sauko da ita a kafaɗa."

"Shi ya sa ka tsayar da mu kallon ƙadangare?"

"Hawainiya ce. To me kike so in ce? Ku tsaya, kakarku ta gaji?"

"Ai kai ba bayani ka yi ba, wasan kwaikwayo ka yi!"

"Ke kuma rediyo kika kunna mana."

Malama ta buga tebur da biro. "Rumisha, kuskuren nata ya kai a cire shida?"

Ya jima yana juya hular. "Bai kai ba, Malama. Shida ya kamata in ba ta, ko bakwai." Ya yi ajiyar zuciya. "Shekara uku ina kallon sunan yarinyar nan a sama. Abin da take rubutawa a awa ɗaya, ni kwana uku nake fama da shi, kuma a dawo min da shi ja-jawur. Ranar nan ce kaɗai na ga ta yi abin da ni ba zan yi ba. Sai hannuna ya yi nauyi."

Aikande ba ta taɓa tunanin yana ma lura da ita ba. Ta so ta ji daɗi, amma haushin ya faɗi gaskiya kafin ita ya hana ta. Malama ta zuba mata ido tana jira. Da kyar ta ce, "Takwas ya kamata in ba shi."

"Na soke makin da kuka ba juna," in ji Malama. "Ku tashi ku ba ni wuri."

Da sakamako ya fito, ta sami saba'in da huɗu a darasin, shi saba'in da shida. A jimilla har yanzu ita ce ta ɗaya, da tazara mai yawa, ƙawayenta suna ta taya ta murna. Ita kuwa maki biyun nan da ya fi ta kawai take gani. Abin da ya fi ci mata rai takardun ra'ayin baƙi ne da aka raba musu. Biyar sun rubuta sunan Rumisha, kowa da irin rubutunsa. Ita kuma mutum ɗaya ne ya ambace ta, ya ce yarinyar mai katuna ta san abubuwa da yawa.

Da rana tana shan romon ayaba a wurin cin abinci, sai ga Rumisha ya ajiye wasu takardu kusa da kwanonta. Babi na biyu ne na kundin kammala digirinsa.

"Ƙanwata, duba min. Na san ba za ki ji tausayina ba."

"Ka kai wa hawainiyarka mana."

"Ba ta iya Turanci ba."

Ta ture kwanon gefe, ta ciro jan biro daga jaka. A shafin farko kaɗai ta sami kuskure goma sha ɗaya, ta zagaye kowanne a hankali tana jin sanyi a ranta. Shi kuma ya ja kujera ya zauna yana bin bakin biron da ido, yana kwafar gyaran a littafinsa. Sai da mai abinci ta zo kwashe kwanuka suka ga an kusa shiga lacca, ga shi ko rabi ba su yi ba.