Zinariyar da Odile Ta Goge

Shekara arba'in da ɗaya mijin Odile Vasseur yana tara tsoffin kuɗin zinariya na sarakunan Faransa, bai taɓa barin ta ta riƙe ko ɗaya ba. Wata uku bayan rasuwarsa ta kwashe su ta kai wa wani dillali a Lyon, domin rufin gidanta na yoyo.

Dillalin ya duba ɗaya da gilashi, mai hoton Sarki Louis na sha biyar, sai ya yamutsa fuska.

"Madam, wa ya goge waɗannan? Ai dauɗar shekarun nan ita masu tara tsoffin kuɗi ke saya. Rabin darajarsu ta tafi."

"Ni ce. Da maganin goge cokula."

"Ba wanda ya gargaɗe ki?"

"Marigayin kullum sai ya faɗa, har na haddace."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Rabin ma zai ishi rufin, ko da ƙyar. Ta ɗauke mai hoton sarkin daga gabansa, ta jefa a jakarta.

"Sayi sauran. Wannan mai ƙaton hancin kuwa, ni da shi mun riga mun saba."