Gorunan 'Yan Dubiya

Malam Jumare ya runtse ido ya kafa kai. Ruwan sassaƙen, mai launin tsatsa, yana gangarowa ta cikin gemunsa yana ɗiga a kan riga. Maƙwabcin da ya kawo jiƙon yana durƙushe gefe, sai murmushi yake.

"Ɗacin nan shi ne maganin, Malam."

Juwairiyya, babbar 'yarsa, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da ledar magungunan asibiti. Idonta na kan gorunan da suka yi layi a ƙarƙashin gado: sabara daga Disina, maɗaci daga Itas, da wani baƙi ƙirin wanda ko mai kawo shi bai san abin da ke ciki ba, a tasha ya saya. Tun da aka ce ƙodar Malam ta yi rauni, duk mai zuwa dubiya da gorarsa yake zuwa. Shi kuwa Malam bai taɓa mayar da hannun kyauta ba. A gaban mutum yake sha, don kada ya tafi yana jin an raina alherinsa.

*

Ranar da za ta raka Malam ganin likita, Juwairiyya ta tattara gorunan cikin buhu ta tafi da su. Likitan ya danna yatsa a ƙafar Malam da ta kumbura, wurin ya loɓa bai dawo ba.

"Ban ce itatuwa ba su da amfani ba," in ji shi. "Ni ma ina cin zogale a gidana. Amma ƙodar nan da ƙyar take aiki. Kowane jiƙo ƙarin kaya ne a kanta, balle mai kanwa, balle wanda ba a san awonsa ba. In aka ci gaba, sai injin wankin ƙoda. Duk abin da zai sha, a fara kawo mini in gani."

Malam ya sunkuyar da kai. "To, ya zan ce wa mutane?"

"Ni zan faɗa musu, Baba," in ji Juwairiyya.

*

Washegari ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa ta zauna. Da hantsi sai ga Alhaji Babakura, aminin Malam tun suna yara a kasuwar shanu ta Azare. Daga Gololo ya taso a kan babur, gora a hammata.

"Baba Alhaji, sannu da hanya. Bismillah, shiga. Amma gorar ta tsaya nan sai likita ya gani."

"Ke Juwai! Ni na riƙe ragon sunanki aka yanka fa."

"Na sani, Baba."

"To guba zan ba aminina?"

"Me ke ciki?"

"Wanda ya ba ni ya ce ya tayar da waɗanda suka fi shi kwanciya."

"Me ke ciki, Baba?"

Alhaji ya dubi gorar. Daga madafa muryar mahaifiyar Juwairiyya, Inna Saliha, ta fito: "Yarinyar nan za ki kashe mu da kunya a gari!"

"Inna, kunyar ce ke kashe shi."

Juwairiyya ba ta janye ƙafarta daga bakin ƙofa ba. Alhaji ya gyara hularsa, ya juya da gorarsa. Ko leƙa ɗakin bai yi ba.

*

Labari ya zagaye unguwa: 'yar Jumare ta yi boko, tana binciken manya a ƙofa. Takalma suka ragu a zaure, daga baya suka ɗauke gaba ɗaya.

Bayan wasu makonni kumburin ya saɓe har Malam ya iya saka takalminsa na masallaci. Ya lallaɓa ya fito zaure, ya sa aka shimfiɗa babbar tabarmar baƙi, ya zauna a gefenta yana kallon hanya.

Juwairiyya ta kawo masa ƙwayarsa da ruwa. Ya haɗiye, ya miƙa mata kofin bai dube ta ba.

"Yau ma ba wanda ya zo?"

"Ba kowa, Baba."

Ta kurkure kofin, ta koma ta zauna a kan tabarmarta.