Akwatin Tambaya Na Yara Ne

Ƙanena Darryl a filin hoki ya girma, kuma har gobe hankalinsa bai dawo gida ba. Duk wanda ya tashi a nan arewacin Michigan ya san yadda muke yi a wasan hoki na kan ƙanƙara: ka shiga, ka sayi kofi, ka zauna, ka zagi rafali. Ba gaba ba ce. In an tashi sai ku haɗu da rafalin a wurin ajiye motoci, ka taya shi kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa, ka tambayi lafiyar matarsa. Darryl ya yi shekaru yana wannan hidima a kan 'ya'yansa maza biyu. Sai kuma aka haifa masa auta, Kaisa, wadda ba ruwanta da sandar hoki, ita dai a ba ta sukundireba da tulin wayoyin lantarki a ƙyale ta.

Ni kuwa na daɗe ina aikin sa-kai a gasar mutum-mutumi ta 'yan sakandare. Aikina tsara layi. Ni ce ke tsayawa a bakin fili in jera ƙungiyoyi da injinansu kafin su shiga, kuma ba mai wuce ni sai da tabaran kariya a fuskarsa, ko gwamna ne. Ba a biyan kowa a cikinmu, har alƙalan. Riga ake ba mu da abincin rana, abincin ma yawanci ya huce.

Bana ce shekarar Kaisa ta ƙarshe a makaranta, kuma ita ce direbar ƙungiyarsu, mai tuƙa injin daga bakin fili. Tun tana aji ɗaya take mafarkin zuwa gasar jiha, makarantarsu ba ta taɓa zuwa ba. Duk hunturun nan a ɗakin walda ta yi shi, ita da 'yan ƙungiyarta shida, suna haɗa wani inji mai kwasar ƙwallaye yana jefawa a kwando. Mummuna ne, ban ɓoye mata ba. Amma yana jefawa.

Babban alƙalinmu Vern Aho ne, dattijon da ya yi ritaya daga aikin shirya gawa. Duk tsawon aikinsa ba wanda ya taɓa mayar masa da magana, shi ya sa bai iya gardama ba, bai kuma iya ɗaga murya ba. A gaban teburinsa akwai ɗan murabba'i da aka zana a ƙasa da tef, muna ce masa akwatin tambaya. Ɗalibin da bai gamsu da hukunci ba zai je ya tsaya a ciki, ya jira, Vern ya zo ya saurare shi. Ɗalibi kawai. Ba malami, ba uwa, ba uba. Ba a kuma kallon bidiyon wayar kowa. In babba ya yi rashin kunya, ba shi ake hukuntawa ba, ƙungiyarsa ake ba katin gargaɗi, na biyu kuma ya zama ja.

Duk wannan na karanta wa Darryl a ɗakin girkina kafin ranar gasar, yana cin naman barewa yana gyaɗa kai. Ya ce in kwantar da hankalina, shi fa kallo kawai zai je, me ya sani a harkar injinan yara.

Kafin azahar ranar farko ya riga ya san komai. Daga saman benci ya sanar da jama'a cewa ɗaya daga cikin ƙananan alƙalan makaho ne, ya kuma yi tayin kai shi asibiti a motarsa. Vern ya aika aka ja masa kunne. Bayan abincin rana ya sauko ya tare Misis Tervo, tsohuwar da ke mayar da ƙwallaye wurarensu tsakanin wasa da wasa, ya ce da gangan take ajiye na ɓangaren 'yarsa a karkace. Matar nan da gwiwar ƙarfe take wannan sunkuyon. Nan aka ɗaga wa ƙungiyar Kaisa katin gargaɗi.

Na same shi a bakin injin kofi. Ban sassauta ba, na ce masa in ya sake buɗe baki zan faɗa wa duk ɗakin nan shekarunsa nawa kafin ya daina fitsarin kwance. Ya ce haba Yaya Noreen, ai wasa ba ya daɗi sai da ɗan yaji, shi ma rafalin ya san ba har zuci aka faɗa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da gaske yake. A ganinsa taimako yake yi.

Washegari yaran suka yi abin da ba wanda ya zata, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya ci wannan ya samu gurbin jiha. Makarantu uku ne a kowane ɓangare, ɓangaren Kaisa shuɗi, abokan karawarsu ja. Ana dab da tashi wani injin ja ya bangaji nasu a wurin da doka ta hana taɓa abokin hamayya. Kowa ya gani, ƙaramin alƙalin gefen ya ɗaga tuta. Amma da maki ya fito a allo, sai ga tarar a kan shuɗi, ja sun ci da ƙyar.

Kaisa ta ajiye abin tuƙinta. Fuskarta ta yi fari fat, amma ta taka ta shiga akwatin tambaya, ta haɗa hannuwa a baya. Ina kusa, komai a kunnena. Ta gaishe da Vern, ta faɗi lambar ƙungiyarsu, ta ce tana neman a duba ko tarar nan ta faɗa inda aka nufa. Vern ya kira ƙaramin alƙalin. Mutumin ya duba na'urar hannunsa, kunnuwansa suka yi ja, ya ce ja ya nufa, shuɗi ya danna. Vern ya ce wa Kaisa ta yi tambaya mai kyau, ta jira shi. Ya juya wajen teburin masu maki.

A lokacin ne na hango ƙanena yana saukowa daga benci, matakala bibbiyu, waya a sama.

Na sha gabansa da makamin da nake da shi. Na ce ba mai wucewa sai da tabarau. Sai na duba fuskarsa, ashe yana sanye da su. A duk rayuwarsa wannan ce dokar da ya taɓa bi, kuma ranar ya zaɓa.

"Darryl, an gyara," na ce masa. "Tsaya, an riga an gyara."

Ina! Wanda ke ihu ba ya jin magana. Ya kewaye ni kamar an kafa turke, ya faɗa cikin akwatin, har ya ture 'yarsa gefe da kafaɗa bai sani ba. Ya kira Vern ɓarawo. Ya ce ya koma wajen gawawwakinsa, su ne ba za su gane an cuce su ba. Ya cusa masa wayar a fuska, sannan ya dungure shi a ƙirji da yatsa, sau biyu.

Kaisa ta ce, "Baba, don Allah." Ba da ƙarfi ba.

Vern ya dubi yatsan, ya dubi ƙafafun Darryl a cikin akwatin. Ya ce masa, "Malam, ina zuwa." Ya ƙarasa teburin a tafiyarsa ta rakiyar makara, ya yi magana da masu maki. Allo ya canza, shuɗi sun ci. Ɗakin ya ɗauki sowa, yaran ƙungiyar suna tsalle suna rungume juna, Darryl ya ɗaga hannu biyu yana juyawa yana kallon jama'a, wai ga abin da magana ke yi.

Sai Vern ya dawo tsakiyar fili, ya tsaya a gaban lambar ƙungiyar Kaisa. Ya zaro katin gargaɗi ya ɗaga. Ya zaro ja ya ɗora a kai. A wannan matakin jan kati na nufin an soke wasan ga duk ɓangaren, har da sauran makarantu biyu da ke tare da su, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Allo ya sake canzawa, makin shuɗi ya koma sifiri.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ga laifin Vern ba ko kaɗan, abin da ya ƙara ɓata min rai ke nan.

Kaisa ta je ta miƙa wa Vern hannu, ta yi masa godiya da ya duba. Ta bi direbobin makarantun nan biyu ta ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tura injinsu waje, ni na buɗe mata hanya.

Da yamma, bayan mun naɗe kafet mun tattara kujeru, na fito na tarar da Darryl da Kaisa a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, dusar ƙanƙara tana ɗan sauka. Shi ya ɗaure injin da kansa, ya ja igiyar nan ya sake ja, ya kuma duba, abin da tuni ya ɗauru. Can dai ya yi gyaran murya. Bai iya ba da haƙuri ba, babanmu ma haka ya rasu bai koya ba. Sai ya ɗauko abin da ake gaya wa yara a hoki in an fitar da su daga gasa, abin da ya sha gaya wa yayyenta a mota.

"Kada ki damu, 'yar Baba. Baɗi za mu rama."

Kaisa ta ɗago ta dube shi.

"Baba, na gama makaranta bana. Ni ba ni da baɗi."

Ta cire tabaranta ta sa a aljihu, ta juyo wajena ta ce, "Gwaggo, akwai wuri a motarki?"

Na ce akwai. Da na fita daga harabar na duba madubi, yana nan tsaye inda muka bar shi, da ragowar igiyar a hannu.